Maganar da Ban Aiko Baba Sanda da Ita Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Lawali, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen da suka sauke ka. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, jirgin da za ka hau zuwa Amurka ya sauke ku lafiya. Mu nan Korgom lafiya lau, sai godiyar Allah.

Ka ga sunanka a sama. Ni na rubuta shi da hannuna, kuma na daɗe riƙe da bik, alƙalamin nan, kafin in iya. Tun ranar da liman ya raɗa maka shi ban taɓa furta shi ba, kai ma ka sani. Ɗan fari ne kai, a wurinmu kuwa uba ba ya kiran sunan ɗan farinshi, ba ya zama hira da shi, ba ya yi mashi dariya a gaban mutane. Haka na tarar, haka na yi. Na so in kai wa mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya rubuta mini, don rubutuna ka san shi, kamar kaji sun bi ta kan rairayi. Sai na fasa. Maganar da ke tsakanina da kai ta sha wuya a bakin 'yan aike, wannan karon ba na son ta bi ta hannun kowa.

Ga abin da ya tayar da ni. Ranar da ka tashi ban raka ka ba, na saɓi hauya na tafi gona. Ƙanena, Baba Sanda, shi ya kai ka tashar Tasawa. Da ya dawo ya yi ta kewaye-kewaye, sai da na matsa mashi sannan ya ce, kafin mota ta tashi ka ce mashi: "Baba Sanda, na san ba da yawun Baba zan tafi ba. Ka roƙa mini shi gafara." Tun da na ji wannan tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba. Ba na son ka ƙetare teku da wannan a ranka. Amma in na ce maka ka yi kuskure kawai na yi shiru, ba za ka gane yadda aka yi muka zo nan ba. Ka yi haƙuri ka karanta, zan ɗan yi nisa.

Ƙasar da za ka ban san ta ba. Abin da na sani nata biyu ne: buhunan jar dawar da suka aiko mana lokacin yunwa, da mutum guda. Shekarar da aka haife ka ita ce shekarar da ruwa ya ƙi, shanu suka yi ta faɗuwa a bakin hanya, mata suka koma tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Cikin wannan hali muka ji a rediyon Mai Gari cewa sojoji sun karɓi mulki. Ba a daɗe ba aka kawo mana wani anasara, saurayi, ɗan Amurka, wai zai gina mana rijiyar siminti. Sunanshi ya yi wa bakinmu nauyi, tsofaffin mata suka raɗa mashi Jibo, da rana ta gasa shi suka ƙara mashi da Ja. Yana jin faransanci kaɗan, ni ma ɗan abin da na tsinta a lakwal kafin a cire ni a mai da ni gona bai fi nashi ba. Sai Mai Gari ya ce ni ne tafinta. Gemuna bai ma gama fitowa ba lokacin, ka ga kuwa yadda kaina ya kumbura.

Kuskurena na farko da shi na raini ne. Mu mun saba anasara yana zaune kan kujera ana yi mashi fifita. Wannan kuwa aka kawo mashi kujera ya tura wa wani tsoho, ya zauna ƙasa. Shi ke jan ruwanshi a tsohuwar rijiya, cikin mata, suna yi mashi tsiya yana dariya ba ya jin abin da suke cewa. Shi ke wankin rigunanshi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ranar kasuwa na same shi zaune da Audu mahauci suna ci cikin akushi ɗaya. Na ja shi gefe na ce, "Babban mutum ba ya haɗa hannu da mahauta." Ya dubi hannunshi ya ce, "Ai shi ya wanke nashi, ni ne ma ban wanke ba." Ya koma ya zauna.

Na ji kunya kamar ni aka tozarta. Sai na shiga gari ina cewa wannan ba ɗan kowa ba ne a ƙasarsu, shi ya sa suka jefo mana shi. Daga baya ya nuna mini hoton gonar ubanshi, ido ba ya ganin ƙarshenta, ga injin noma tsaye. Ya ce duk da haka, da ya tashi karatu wankin kwanoni ya yi a gidan sayar da abinci don ya riƙe kanshi. Na fashe da dariya. Ya tsaya yana kallona, yana jiran in faɗa mashi inda abin dariyar yake, ni kuwa na laluba na rasa.

To, in ka je can ka ga malamin da ke koya maka yana sharar ƙofar gidanshi, kada ka yi mashi kallon da na yi wa Jibo. In aiki ya samu, ko na wanke-wanke ne, ka yi shi da kyau, kuma kada ka ɓoye mana. Kada ka tsaya tambayar mutum ɗan gidan wa ne kafin ka miƙa mashi hannu. Na lura mutanen nan abin da hannunka ya iya suke dubawa kafin su dubi inda ka fito.

Kuskure na biyu shi ne babba, tsofaffin garin nan duk sun san shi. Da aka zo zancen inda za a haƙa rijiyar, mu a ganinmu magana ta ƙare tun ba a fara ba, ƙofar Mai Gari ce. Jibo ya ce sai an tara kowa, maza da mata, har Fulanin rugar arewacin gari, kowa ya faɗi ta bakinshi. Mai Gari ya yi murmushi ya ce baƙo ne, a yi mashi yadda yake so. Aka taru a gindin gawo. Kwamandan da ke mulkin yankinmu ya aiko wani soja daga Tasawa ya ga yadda za a yi, ya zauna ya jingine bindiga a gwiwa. Bai ce uffan ba har aka tashi, amma kowa da shi yake auna maganarshi.

Dattawa suka yi ta godiya ɗaya bayan ɗaya. Can sai Inna Dije ta miƙe, wata tsohuwa Bafulatana da ke kawo mana nono tun ina yaro. Garkensu ya ƙare saura 'yan ƙwarori. Ta ƙara ɗaure zanenta ta ce:

"Ku Haɓe kun san shanu ba su shiga tsakiyar gari. In sun shiga ku ce sun ci danga, ku ci mu tara. Ku haƙa ta a bakin burtali, inda shanu ke bi, mu sha ku sha. In ƙofar Mai Gari za ku haƙa, to ku faɗa mana tun yau mu ɗaure kayanmu. Kai kuma Mai Gari ka san haka, ba yau ka sani ba."

Jibo ya juyo ya ce mini, "Me ta ce?"

Na dubi Mai Gari, na dubi bindigar sojan, na ce, "Ta ce sun gode, Allah ya saka da alheri."

Ya ce, "Duk tsawon maganar nan godiya ce?"

Na ce, "Mu nan godiyarmu tana da tsawo."

Sai ya ce to a ɗaga hannu a gani. Kowa ya zuba wa hannun Mai Gari ido, da ya tashi sauran suka tashi. Inna Dije ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Ka san abin mamaki? Ni a ranar ban ɗauka ƙarya na yi ba, a raina gyara na yi. Haka aka koya mana, ɗan aike na kirki ba ya kai magana da zafinta, sai ya fifita ta ta huce, don kada manya su ji kunya. Har yaba mini aka yi, aka ce yaron nan yana da hankali. Aka gina rijiya a ƙofar Mai Gari, tana nan, ka sha ruwanta. Kafin damina ta faɗi Fulani suka kwashe suka yi kudu wajen Katsina, ba su dawo ba. A da bayan girbi a gonakinmu suke sauka, shanunsu su ci kara su bar mana taki. Gonarmu ta bayan gari, wadda ka taso ka ga ba ta ba da komai sai wuta-wuta, ka taɓa tambayar kakarka me ya kashe ta, ta ce maka fari ne. Fari ya yi nashi, ni ma na yi nawa.

Lokacin da Fulanin za su tashi kunnen Jibo ya riga ya buɗe da Hausa. Inna Dije ta je yi mashi sallama, ta maimaita mashi maganarta da bakinta. Ya zo ya same ni ina sassabe. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Isa, me ya sa?"

Na ce, "Ladabi ne. Ba a faɗa wa Mai Gari haka a gaban jama'a, balle ga soja zaune."

Ya ce, "Ita ai ta faɗa. Ba ta ji tsoro ba, kai ka ji mata. Maganarta ce, Isa, ba ka da ikon gyara ta."

Ya zauna kan kunya ya ce a ƙasarsu babban abin da suke tinƙaho da shi shi ne kowa na da bakin faɗin ra'ayinshi, ko a gaban shugaban ƙasa ne. A ɗauka ko kada a ɗauka, amma ba a toshe shi. Raina a ɓace yake, sai na ce mashi da gatse, "To, duk haka kuke yi?" Sai ya ce a'a. Ya ce yana yaro akwai gidajen abinci a garinsu da baƙin mutum irina ba ya shiga, kuma kakanshi bai ga laifin hakan ba har ya mutu. Amma wai maganar tana nan tun kafuwar ƙasar, cewa ba wanda aka haifa a saman wani, kuma waɗanda aka danne da ita suke riƙe wuyan sauran, suna cewa ku kuka faɗa, sai ku cika.

Na gaya maka wannan don kada ka tafi da zaton aljanna. Baƙin mutum ne kai, kuma Musulmi, za ka gamu da wanda zai dube ka sama da ƙasa. In ya faru kada ka yi abin da ubanka ya saba, wato murmushi da haɗiyewa. Ka faɗi gaskiyarka da ladabi, ka dubi mutum a ido, can ba rashin kunya ba ne. In an tambaye ka ra'ayinka ka ba da naka, kada ka tsaya kallon hannun babba. In kuma aka sa ka tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi, ka kai maganar marar ƙarfin yadda ya ba ka ita, da zafinta. Ka tuna, lokacin da ka shiga jami'a ka fara tashi a taron ɗalibai, sojoji kuma sun sake dawowa, na aiko maka ka rufe bakinka. Tsoro na ji, har yau ina ji, ba uban da zai so a kwashe mashi ɗa a bayan mota. Amma ko sau ɗaya ban tambayi abin da kake faɗa a taron ba, wannan kam ban kyauta ba.

Akwai wata kuma. Kusa da ƙarshen zamanshi Jibo ya ce za a ɗauki samari a koya masu gyaran famfon ruwa a Maraɗi, yana son ya ba da sunana. Na ce sai an tambayi Baba, don muna gandu, ƙarfinmu duka na gonar gida ne. Ya ce, "Za mu tambaye shi. Amma kai, kana so?" Lawali, wallahi tun da aka haife ni ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Ina so kamar in mutu. Duk abin da ke da ƙarfe da ƙusa hannuna ƙaiƙayi yake yi in na gan shi. Amma sai na ji in na ce ina so, kamar na ce na gaji da ubana ne. Na ce, "Duk yadda aka ce." Ya jira, ya sake jira, ina ta zanen ƙasa da yatsan ƙafa. Ƙarshe ya ba da sunan Habu, ɗan Audu mahauci. Ka san shi, shi ne mai garejin nan na Mayahi.

Bayan shekaru, kakanka na kwance ciwon da bai tashi ba, hira ta kawo zancen. Ya ce, "Ashe kana so? Ai da ka faɗa da na bar ka. Na ga ka yi shiru na ce ba ka so." Ban yi da-na-sanin zama kusa da shi ba, ni na rufe mashi ido, wannan ba abin da zan musanya shi da shi. Abin da ke cina shi ne ban zaɓa ba. Ban tafi ba, kuma zaman ma ba ni na ce zan zauna ba. Mutanen can tun yaro na ƙarami suke tambayarshi abin da yake so, kuma da gaske amsa suke jira. In sun tambaye ka, ka amsa. In ba ka so ka ce a'a, ba su ɗaukarta zagi.

Amma kada ka kwashi nasu duka. Wata rana takarda ta zo wa Jibo cewa ubanshi ya rasu. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, bai gaya wa kowa ba sai ni, ni ma don na tarar da shi ne. Na je na faɗa wa liman. Kafin la'asar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakinshi, maza sun zauna, mata na shigowa da fura da tuwo, a shekarar da kowa ke auna hatsi da tafin hannu. Ya leƙo ya ce mini, "Me ya faru?" Na ce, "Gaisuwa aka zo yi maka." Ya ce, "Ai ba su san shi ba." Liman ya ce, "Kai muka sani." Sai ya durƙushe nan bakin ƙofa yana kuka kamar yaro. Daga baya ya gaya mini uwarshi ita kaɗai za ta zauna cikin ƙaton gida, ita da kare, 'yan'uwanshi kowa na garin da ya zaɓa. Wannan tsayuwa da ƙafar kai da suke alfahari da ita tana da sanyinta. Ka koyi riƙe kanka irin nasu, amma in ka ji an yi wa maƙwabcinka rasuwa ka je ka zauna, ko ba a kira ka ba. Ka riƙe sallarka. Ka nemi 'yan'uwa, ko na Mali ne ko na Gana, ku ci abinci tare.

Yanzu na zo kanka. Kana rarrafe lokacin. Wata rana muna zaure da Jibo ka rarrafo ka kama ƙafata. Na janye ƙafar na ƙwala wa kakarka kira ta zo ta ɗauke ka. Jibo ya ce da gurguwar Hausarshi, "Yaro na wane?" Na ce, "Na gidan nan ne." Kakarka ta yi dariya ta ce, "Nashi ne, Jibo Ja, ɗan fari ne, kunya yake ji." Ya sure ka ya aza a wuya yana zagaya zaure, kai kuwa ka saka mashi da fitsari har cikin riga. Ya ce, "Ka gani, shi ba ya jin kunya." Muka yi dariya. Da kakarka ta fita da kai sai ya ce, "Isa, yaro bai san al'ada ba. Abin da ya sani, ya kama ƙafa an janye." Na ce mashi ku anasara ba ku da kunya ne, in ya girma zai gane.

Na zaci ka gane. Duk abin da nake son ka ji, Baba Sanda nake ba, duk abin da kake so shi kake ba. Ranar da sakamakon sartifika ya fito aka ce ka fi kowa a lakwal ɗinku, bayan rumbu na zagaya na yi sujada, ba wanda ya gan ni. Da ka wuce ta gabana da yamma sai na ce, "Kai, an ba akuya ruwa?" Ina kallon fuskarka ta sauya, na san abin da kake jira, bakina ya ƙi.

Da maganar tafiyar nan ta zo, aka ce ka samu bursi, za a biya maka kuɗin karatu, na kira Baba Sanda na zaunar da shi. Na ce mashi ya gaya maka na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Na ce ya gaya maka ƙofar da na tsaya a bakinta na kasa shiga, kai ka shiga da bismilla. Na ce ina jin tsoron nisan, ina tsoron in mutu ba ka nan, ina kuma tunanin wa zai riƙe gona in ƙarfina ya ƙare, amma duk wannan kada ya tsayar da kai. Ina faɗa hawaye na zuba, ban san sun zo ba. Bayan ya dawo daga tasha ya faɗa mini abin da ka ce, sai na tambaye shi, "Sanda, wai me ka kai wa yaron nan?"

Ya ce, "Na ce mashi ka ce wa zai riƙe gona."

Na ce, "Sauran fa?"

Ya ce, "Haba Yaya! In je in ce wa yaro ubanshi ya yi hawaye? Ai sai ka zube a idonshi. Na cire abin da bai kamata ba, mutuncinka na tsare maka."

Na buɗe baki zan zage shi, sai na rufe. Da wane baki? Abin da na yi wa Inna Dije a gindin gawo shi ya yi mini, da zuciya ɗaya, yana ganin gyara ne. Kada ka riƙe shi a rai, yana sonka kamar shi ya haife ka. Laifin wanda ya ba da aiken ne, alhali yaron na kwana ɗaki ɗaya tsakaninsu.

Ban ce al'adarmu banza ce ba. Kunya ta tsare mu daga abubuwa da yawa, ina son ka tafi da ita, kada ka dawo kana kiran dattawa da sunansu tsirara. Amma ni na bar ta ta yi mini yawa, har ɗana ya kai tasha yana neman gafarar laifin da bai yi ba.

To ga maganata, daga bakina zuwa kunnenka. Da yawuna za ka tafi. Na yarda, na sa maka albarka, duniya da lahira. Ba ka yi mini komai ba sai abin alfahari, babu gafarar da za ka nema, ni ne mai nema. Gona kuma ka cire ta daga ranka, ƙannenka sun tasa, ni ma da sauran ƙarfina. Dattawa sun ce in sa ka rantse za ka dawo in ka gama. Ba zan sa ka ba. Ina son ka dawo, ka ji na faɗa, ina so ƙwarai. Amma in lokacin ya yi, kai za ka duba ka zaɓa, kuma duk wanda ka zaɓa albarkar na nan, ba ta da igiya. Abu ɗaya nake roƙo. In za ka rubuto, ka rubuto da sunana, ka faɗa mini yadda abubuwa suke, mai daɗi da marar daɗi. In ka ga na yi kuskure ka ce na yi. Zan ji zafi, amma zan karanta har ƙarshe.

Mahaifiyarka ta gan ni ina ta fama da takarda, ta ce sai na karanta mata. Na karanta mata duka, tun daga sama. Ta ja gyale ta rufe fuska, sannan ta ce, "Ni kam bakina ba zai iya ba. Amma ka rubuta duk abin da ka ce, ni ma na ce." To na rubuta.

Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin hanya da na masauki. Allah ya buɗa maka karatu, ya sa ka gama da hannun dama. Allah ya tsare maka imaninka da lafiyarka a inda idonmu ba ya kaiwa. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Isa, Korgom.